Wai mene ne leftin ɗin nan, kuma me ya haɗa shi da mai ciki?

Maman Ilham, Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin lafiya ku warware min, ƙanwata ce ke da ciki wata bakwai tana ƙauye wajen Sankara, ci take kamar me, ta gama tuwo yanzu ta ce a dama mata fura, ga ƙafa ta fara kumbura. Ɗan yayarmu da ke karatun lafiya ya ce wai leftin ne ke sa haka. Su Inna kuma sun dage zaƙi ne a ba ta jiƙo. Shin akwai gwajinsa ne mu kai ta?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Leftin homon ne, wato sinadari mai kai saƙo a cikin jiki, kitsen jiki ke yinsa, ya bi jini ya je ƙwaƙwalwa ya shaida mata akwai ajiya a rage ci. A 1994 Jeffrey Friedman da mutanensa suka gano shi a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, a jikin ɓeraye masu ƙiba. To idan ciki ya shiga mabiyiya ma sai ta kama yin nata, ya ƙaru a jinin uwa ninki biyu ko fiye, ya fi yawa wajen wata shida zuwa bakwai, da an haihu mabiyiya ta faɗo sai ya sauka cikin 'yan kwanaki. Abin mamakin shi ne ya kamata a ce da ya yi yawa ta daina jin yunwa ko? Sai ƙwaƙwalwar mai ciki ta yi kunnen uwar shegu da saƙon, don ta ci ta tara kitsen da za ta yi goyo da shi. Kin ga cin ƙanwarki ba ciwo ba ne.

Kumburin ne ban so ba. Masu hawan jinin ciki ana samun leftin ɗinsu ya fi na sauran, wani lokaci tun kafin jinin ya hau, saboda mabiyiyar ba ta samun isasshen jini sai ta riƙa zubo leftin ɗin da yawa. Haka masu sugan ciki da masu ƙiba. Amma ba a gwada shi a awo, kar ki wahalar da kanki nema. A auna hawan jininta a duba fitsari, in ya kai 140/90 bayan sati 20 ga furotin a fitsari, to magana ta canja.

Baban Sadik, Taura:
Anti Nas to ba maganin da zai rage leftin ɗin kawai a huta?

Anti Nas:
Babu Malam, kuma ba shi ake bi ba. Jinin ake saukarwa, in ya yi tsanani a yi mata allurar magniziyam salfet don kar jijjiga ta kama ta, wani sa'in sai an haifar da ita sannan abin ya lafa.

Hajiya Ladi:
Ni dai ba likita ba ce amma na yi unguwar zoma a garinmu shekaru. Ƙafa kaɗai da yamma yawancin masu ciki suna yi, ta ɗora kan filo ya sace. Ki tambaye ta in fuska ta kumbura ko zobe ya matse yatsa, ko kai na sara mata, ko tana ganin hazo-hazo, ko ciwo ƙasan haƙarƙarin dama. In akwai ko ɗaya kar a jira ranar awo, a nemo mai mota yau. Kuma wallahi ku daina cewa iska ce in mace ta faɗi tana jijjiga, ana hayaƙi ana tofi har ta galabaita sannan a ɗauko ta, ni abin nan yana ci min rai. Jiƙon zaƙin ma a ajiye shi tukunna.

Maman Ilham:
Na gode Allah ya saka. Na kira ta yanzu ta ce tun jiya kanta ke ciwo, na ce wa mijin ya kawo ta Ringim kafin la'asar.