Me za mu kira heatwave da Hausa?

Jama'a ina neman agaji. Ina fassara bayanin masu hasashen yanayi sai na ci karo da heatwave na tsaya cak. A rediyo ana cewa tsananin zafi, wasu kuma igiyar zafi, ita wannan kam ban san wace igiya ba ce, ta guga ko ta shanya. Matsalata da tsananin zafi ai kowace bazara tsananin zafi ake a Sakkwato da Maiduguri, maki 42 a Afrilu ba labari ba ne. Shi heatwave zafi ne da ya haura wanda garin ya saba kuma ya yi kwanaki a jere bai sauka ba. A Ingila in suka jera kwana uku ana 25 zuwa 28, gwargwadon yanki, sun kira shi heatwave, mu nan cewa za mu yi gari ya yi daɗi.

— Malam ka sa guguwar zafi ka huta, kunne ya saba.

Ai guguwa iska ce mai gudu, ta kwashe kwano ta wuce. Wannan kuwa iskar ce ma take tsayawa, ba gajimare, ganye ko motsi, dare ya yi katifa na huci kamar an sauke ta daga murhu.

— Mu nan Maraɗi 'yan boko kanikil suke cewa, ta Faransanci, irin wanda ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa a 2003. Amma tsohuwata ba ta san wata kanikil ba, a Afrilun 2024 cikin azumi lokacin da garin Kayes na Mali ya kai 48.5 ita dai cewa take gari ya kama da wuta.

— Ku fara gyara hasashen tukuna, waya ta ce min za a yi ruwa na kwashe shanya ko ɗigo ban gani ba 😂

Yaya, ruwa daban zafi daban. Hadarinmu yakan zuba a wata unguwa ya tsallake ta kusa da ita shi ya sa yake ba masu hasashe kunya, amma zafi yanki guda yake rufewa, ana hango shi tun da sauran kwana huɗu biyar kuma galibi yana zuwa. In aka wuce kwana goma ne abin ya fara zama canki-canka. Wanda NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa a farkon shekara kuma yiwuwa yake faɗa, cewa bana zafi zai iya fin na kullum, ba wai ranar kaza za a yi kaza ba. Af, masu fassara summer da bazara ku ma a kula, summer na Turawa Yuni zuwa Agusta ne, lokacin mu muna tsakiyar damina.

— Ɗana, me ya hana ku ari mamako? Ruwan da ya kama tun dare ya wuni bai ɗauke ba shi muke ce wa mamako. Ku ce mamakon zafi.

Kai Baba Allah ya ƙara girma! Wlh ta zauna, don daɗewar nan da nake nema tana cikinta. Bari in gwada: an yi gargaɗin mamakon zafi na kwana huɗu, a yawaita shan ruwa, a kula da tsofaffi da jarirai.

— Ni dai da na ji mamako sanyi nake ji a jikina, anya ba za ta ruɗa mutane ba?

Hajiya kin yi gaskiya, amma zafin da ke biye zai warware. Na saka ta a fassarar, zan karanta wa mutanen majalisarmu yau bayan isha'i in ji ko akwai wanda zai tambaye ni me nake nufi.