Muna haɗuwa ran Lahadi, amma ba mu san juna ba: yaya ake kafa zumuntar gida-gida?

Ɗan'uwa Ishaya: Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ikkilisiyarmu ta kai mutum ɗari uku, amma da an tashi sujada kowa sai ya kama gabansa. Wata gwauruwa ta yi mako biyu a asibiti, ba mu ji ba sai da aka sallame ta. Dattawa sun ɗora mini aikin kafa zumuntar gida-gida a unguwanni. An taɓa gwadawa, ta mutu cikin wata uku. Ta ina zan fara?

Dattijo Bulus: Ishaya, fara da ƙirga, wa'azi ya biyo baya. Ka duba Fitowa 18, inda Yetro ya ba Musa shawara ya naɗa shugabanni na dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. Goman nan ita ce taku. Manya takwas zuwa goma sha biyu sun isa rukuni. Da sun haura goma sha biyar, masu kunya sun yi shiru, wanda bai zo ba kuma ba mai lura, sai a raba biyu.

A haɗa mutane bisa unguwa, yadda kowa zai iso da ƙafa cikin minti goma sha biyar. In sai an biya kuɗin keke, talaka ne zai fara janyewa. Kada a bar mutane su zaɓi rukuni da kansu, domin kowa wajen 'yan yarensa zai nufa, ka wayi gari da taron kabila. A yi taron da harshen da kowa ke ji. Kuma kada ka buɗe goma rana ɗaya. Fara da uku, ka ba su wata uku, daga cikinsu za ka ga waɗanda za su riƙe na gaba.

Maman Alheri: Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara na ɓangaren mata. Abinci shi ne ke kashe irin wannan taro. Gidan farko a yi shinkafa da kaza, na biyu ya ga ba zai iya ba, sai matar ta ce ba ta da lafiya ranar. Tun a Koranti haka ta faru, wani ya ƙoshi wani na jin yunwa, har manzo Bulus ya tsawata musu a 1 Korantiyawa 11. Ku yanke tun ranar farko: ruwan sha kawai, in an matsa a ƙara gyaɗa.

Lokaci kuma awa ɗaya da kwata. Waƙa biyu da addu'a minti goma, karatu da tattaunawa minti talatin, minti ashirin kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, sauran a yi wa juna addu'a. Wannan minti ashirin ɗin shi ne zuciyar abin, kuma shi ake fara cinyewa idan shugaba mai son dogon bayani ne. Kada ranar ta ci karo da ta zumuntar mata, ko koyon waƙa, ko addu'ar tsakiyar mako.

Malam Haruna: Ni ban yarda da zagaya gidaje tun farko ba. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya, ina zai sa mutum goma sha biyu? Kuma baƙo yakan ɓata in kullum ana sauya wuri. A tsaya gida ɗaya mai tsakar gida na wata uku, daga baya wanda ya so ya gayyata. A gaya wa mai gidan haya da maƙwabta tukuna. Babu lasifika, babu ganga, a tashi kafin magariba don mata su koma da haske, maƙwabta Musulmi kuma su yi sallarsu ba hayaniya.

Malama Rifkatu: Maganar gwauruwar nan ce ta tsaya mini. Taro kaɗai ba zai hana a sake irinta ba, sai an ɗora wa wani aikin lura. Kowane rukuni ya sami mutum ɗaya, ba shugaba ba, mai riƙe sunaye da lambobin waya. Wanda ya yi fashi sau ɗaya a kira shi kafin kwana biyu. Sau biyu a jere, mutum biyu su taka zuwa gidansa, mata wajen mace, maza wajen namiji. Kuma a je da gaisuwa. "Me ya hana ka zuwa?" tuhuma ce, "mun ga ba ka, lafiya?" ita ce zumunci.

Dubiya a asibiti kada ta wuce minti goma sha biyar. A tambayi mai jinya abin da ake bukata: mai kwana da mara lafiya ne, ko mai kai yara makaranta, ko kunu da safe? Cewa "Allah ya ba da sauƙi" hannu wofi, Yakubu 2:15-16 ya riga ya yi magana a kai. Gidan rasuwa kuma, makon farko cike yake da jama'a. Ku rubuta ziyararku a mako na uku da na shida, lokacin da ƙafa ta ɗauke.

Ɗan'uwa Ishaya: Na gode, iyayena. To kuɗin taimako fa? Wasu na cewa mu haɗa da adashi.

Dattijo Bulus: A'a, ɗana. Ranar da wani ya kwashi adashi ya kasa zubi, ya daina zuwa ke nan, ku ma kun daina yi masa addu'a da zuciya ɗaya. A yi asusun taimako daban, kowa ya sa abin da ya iya, ba a kiran suna. Mutum biyu su ƙirga, na uku ya rubuta, a karanta jimilla kowane wata. Kyauta ake bayarwa daga ciki, ba rance ba. A Ayyukan Manzanni 6, gunaguni kan rabon abincin gwauraye ne ya sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida. Bukatar da ta fi ƙarfin rukuni, a kai ta gaban dattawa.

Maman Alheri: Saura baki. Mace ta faɗi damuwar aurenta don a yi mata addu'a, jibi ta ji ta a kasuwa da sunan "mu sa ta a addu'a". Daga ranar ba mai sake buɗe ciki. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya nan, kada ma ya hau WhatsApp sai da izinin mai shi. Sai dai in akwai duka ko ran wani na cikin haɗari, a gaya wa mai maganar cewa za a sanar da fasto. Wanda ya fitar da magana, shugaba ya same shi shi kaɗai tukuna, yadda Matiyu 18 ya tsara, kafin a kira mutum na biyu.

Malam Haruna: Shugabannin rukuni su riƙa zama da fasto sau ɗaya a wata. Da damina kuma, in akwai manoma, ku mayar da taron yammacin Lahadi.