Zauren masu otal da masauki na Kebbi: ina kuke sayen kaya?

Manajan masauki, Argungu: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Wani kamfani mai kawo baƙi kallon bikin kamun kifi ya aiko mana da tambayoyi kafin ya kama ɗakuna: ina muke sayen abinci, da me muke girki, ina sharar ke tafiya. Sun ce tun da UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016, baƙinsu na son jin irin wannan. Ta ina zan fara?

Hajiya mai kicin, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da buhun shinkafa. Abin kunya ne otal a Kebbi ya dafa 'yar waje, wadda ta taso daga Tailan ko Indiya a jirgin ruwa, ta sauka Kwatano, sannan aka biyo da ita ta daji. Ga kamfanonin sarrafa shinkafa, Labana nan Birnin Kebbi, da WACOT a garinku tun 2017. Ta tuwo da masa kuwa wurin mata masu gumi nake saye. Albasa Aliero, kifi Yauri.

Alhaji na Jega: Hajiya, faɗa da baki da sauƙi. Ta matan nan sai an zauna tsintar tsakuwa, kuma ranar da ka cika da baƙi ranar za a ce maka babu. Kin manta ambaliyar 2020 da ta cinye fadamu? Kowa neman shinkafa ya dinga yi ko ta ina ce.

Hajiya mai kicin: Ban manta ba Alhaji. Amma mu ma mu gaya wa kanmu gaskiya, yawancinmu bashi muke karɓa, sai mai kaya ya yi ta sintiri kafin a biya shi. Wa zai ajiye maka mai kyau a haka? Ni tun kaka nake zama da su, mu yanka adadin buhun da za su kawo duk wata, in ba da rabin kuɗi a hannu, sharaɗin a tsince a bushe sarai. Albasa kuma idan ta faɗi wajen Maris zuwa Afrilu nake saye da yawa, a shanya a rumfa mai iska, ba a ƙasan siminti ba. Takan kai ni tsakiyar damina.

Malamin gona, Yauri: Ku ba ni dama kan kifi, don nan ne ɓarnar take. Kada ku sayi 'yan ƙanana da aka kamo da raga mai ƙananan ido, su ne iri. Kada ku sayi wanda aka kashe da gamalin, maganin ƙwari mai guba da ake zubawa a ruwa: za ku ga an kawo shi tuli guda, manya da ƙanana, ya yi laushi da wuri, ga araha mai ban tsoro. Bandar kifi ma ku tambaya ko an fesa mata maganin ƙwari. Ai dalilin da ya sa ake fito da giwan ruwa mai girma a kogin Matan Fada, inda ake bikin Argungu, shi ne an hana kamun kifi a wurin sai ranar biki. Ku riƙe masunci ɗaya ko biyu da Sarkin Ruwan yankin ya sani.

Manajan masauki: Allah ya saka Malam. Ledar fiya wata fa? Ita ke toshe mana kwata.

Anti mai gidan baƙi, Zuru: Mun koma babbar gorar ruwa da kamfani ke karɓa ya sake cikawa, da jug da kofin gilashi a kowane ɗaki. Wasu baƙin ba su yarda sai sun fasa hatimi da hannunsu, su kam muna ba su na roba, mu tara robar 'yan gwangwan su saya. Sabulu ma na daina 'yan ƙananan nan da ake wanka sau ɗaya a yar, na ruwa muke ɗurawa a mazubi.

Alhaji na Jega: Itace ne nawa ciwon. Gas ya yi tsada, gawayi kuma daji ake ƙarar mana. An ce ana curin buntun shinkafa ya ci kamar gawayi. Wa ya gwada?

Hajiya mai kicin: Na gwada. Yana yi wa ruwan zafi da dahuwar wake, sai dai toka ta yi yawa, kuma suya ba ta son shi. Tokar masu lambu ke kwashewa.

Anti mai gidan baƙi: Alhaji, in za ka kashe kuɗi wuri ɗaya, sa sola ga firiza. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 janareta ke cinye ribar. Amma a batir ake cutar mutane, ka nemi takardar garanti kafin ka biya.

Manajan masauki: To mu da ke hanya ɗaya, me zai hana mu haɗa mota guda daga Aliero da Jega maimakon kowa ya tura tasa rabi wofi?

Shugaban zaure: Shawara ta yi. Mai so ya rubuta sunan masaukinsa da buhu nawa yake bukata kafin Laraba. Lambar masu kaya kuma a tura ta gefe, kada a sa a zaure.

Alhaji na Jega: Ku sa ni buhu goma na albasa. Hajiya, ki turo mani girman rumfar nan taki.