Baƙon maigidana ba ya cin nama, me zan girka masa?

Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku fitar da ni kunya.

Maigidana yana aiki da wani Ba'indiye ɗan jihar Gujarat a nan Kano. Makon jiya ya kawo shi gida, na zage na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ga farfesun kaza. Sai bawan Allah ya ce ba ya cin nama. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, na sa cokali na tsame tsokokin daga miyar, na tura masa kwano. Murmushi kawai ya yi, ya sha ruwa. Na kawo zancen kifi, ya girgiza kai. Ƙwai ma haka.

Ni a sanina, ba mai barin nama sai wanda likita ya hana ko aljihu ya hana. Ashe shi addini ne. Mabiyin addinin Jain ne, ba sa cutar da mai rai, shi ya sa ko romo ba ya taɓawa. Abin da ya ɗaure min kai, har albasa da tafarnuwa da dankali ba ya ci, tunda tono su ake yi daga ƙasa. Madara kuwa yana sha.

Ranar Asabar zai dawo. Yaya ake miya ba albasa ta yi daɗi? Daddawa ta wadatar, ko akwai dunƙulen da ba kaza a ciki? Fura da nono fa, ko cittar ciki za ta ɓata lamarin? Kuma tukunyar da na saba dafa nama, wanki ya isa ko sabuwa zan saya?