Wa ya tuna damben kaka a Garwa da Marwa kafin zuwan talabijin?

Jikan Mahauci, Garwa

Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Makonni uku da suka wuce muna gyaran ɗakin kakanmu, Allah ya jiƙansa, a unguwar Hausawa ta nan Garwa, sai muka tarar da wata tsohuwar jakar fata a ƙasan adakarsa. A cikinta akwai dogon ƙyalle da ya yi baƙi saboda tsufa, da siririyar igiya a naɗe, da layu uku ɗinkakku a kan tsirkiya ɗaya. Goggona, wadda ita ce babbar 'yarsa, tana ganin kayan ta fashe da kuka, ta ce zaren dambensa ne. Ni kuwa tun tasowata na san shi dattijo mai sayar da nama a kasuwa, wanda ba ya rabuwa da carbi, kuma ban taɓa jin ya ambaci dambe ba. Yatsu biyu na hannunsa na dama a karkace suke, amma mun ɗauka aikin gatarin sarar ƙashi ne.

Tambayata ita ce: shin da gaske an yi dambe a Garwa a shekarun 1960 da 1970, ko kuwa sai mutum ya tsallaka Nijeriya yake yi? A wane lokaci ake yin sa, kuma su wa ke zuwa? Sannan ko akwai wata alaƙa tsakaninsa da damben safar hannu da ya ba Kamaru lambarta ta farko a gasar Olamfik? Ina roƙon duk wanda ya gani da idonsa ya taimaka mini.

Dattijon Fawa, Garwa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ya huta. Jikana ne yake rubuta mini wannan, ni ina faɗa masa.

An yi dambe a Garwa, kuma na gani da idona, sai dai ba kamar yadda ake yi a Kano ko Sakkwato ba, inda akwai gidan dambe tsayayye da ake buɗewa kusan kullum. Namu baƙo ne mai zuwa da kaka. Idan an cire gero da gyaɗa, manoma sun kai auduga sikeli, kuɗi sun shiga hannun jama'a, sai ka ji an ce 'yan dambe sun sauka a gidan Sarkin Fawa. Ta hanyar Yola suke shigowa a bayan manyan motoci, tare da makaɗansu, kuma gidan Sarkin Fawa suke nufa domin dambe tun asali wasan mahauta ne, kalangu kuma kiɗanmu ne. Wanda ke kaɗa mana a kwata da safe don mutane su san an yi yanka, irin gangarsa ce ake kaɗa wa ɗan dambe da yamma.

Fili ake samu mai yashi a kewaye da zana, a bar ƙofa ɗaya. Ana farawa bayan la'asar da yara ƙanana, manya kuwa sai rana ta yi sanyi sosai. Abin da ka gani a jakar nan, ga yadda ake aiki da shi. Ɗan dambe zai zauna a kan turmi ko a ƙasa, ya dunƙule hannunsa mai ƙarfi, wani ya fara naɗa masa ƙyallen tun daga wuyan hannu, sannan a bi da igiyar zagaye bayan zagaye, ana ja ana ɗaurewa, har hannun ya koma kamar kan taɓarya. Wannan hannu shi ne mashi. Ɗayan da ake bari a buɗe, ana miƙa shi gaba ana auna abokin karawa da shi, shi ne garkuwa. Naɗin nan yakan ɗauki lokaci, kuma ba kowa mutum yake yarda ya naɗa masa ba, sai ubangidansa ko wanda ya amince da shi ƙwarai. Idan zaren ya kwance ana cikin wasa, dole a tsaya a sake ɗaurawa.

Turmi uku ake yi. Duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da bai ji ciwo ba. Idan an yi turmi uku babu kisa, sai a raba su. Mu yaran gari mukan shiga mu gwada da yaran baƙi, kuma a nan ne irin su kakanka suka yi suna, domin mahaucin da ya kashe baƙo a gaban Sarkin Fawa, ya kwana bakwai ana nuna shi a kasuwa. Ba zan manta wata yamma ba da makaɗi ya saki taken wani saurayi daga layinmu. Yaron nan yana zaune shiru, sai jikinsa ya ɗauki tsuma, ya miƙe yana kirari yana nuna sama da mashinsa, ƙura ta tashi, mata daga bayan zana suka rangaɗa guɗa. Ko minti biyu ba a yi ba ya kai baƙon ƙasa da bugu ɗaya a muƙamuƙi, aka ɗauke shi a kafaɗa har ƙofar gidansu.

Game da shirun kakanka, kada abin ya dame ka. Da yawanmu da muka girma muka yi iyali, wasu suka je Makka, sai muka naɗe zaren muka ajiye, saboda layu da sauran abubuwan da aka haɗa da wasan, waɗanda malamai suka yi ta jan kunne a kansu. Amma duba fa, bai jefar da shi ba.

Malam Mai Ritaya, Ngaundere

Baba ya gama magana a kan damben gargajiya, ni zan amsa tambaya ta ƙarshe, domin na koyar da yara shekaru masu yawa kuma na bi labarin damben zamani tun ina ɗalibi.

Alaƙa ta kai tsaye babu. Damben safar hannu ya shigo ne ta hannun Turawa, ya yi ƙarfi a Duwala da Yawunde, inda ake da kulob da masu horarwa da dandamali mai igiyoyi. Joseph Bessala ya ci lambar azurfa a birnin Meziko a 1968, a ajin masu nauyin kilo 67, bayan Manfred Wolke na Jamus ta Gabas ya rinjaye shi a karawar ƙarshe, kuma ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin Kamaru. Ta biyu ma dambe ne ya kawo ta, lokacin da Martin Ndongo-Ebanga ya ci tagulla a Los Anjeles a 1984, a ajin kilo 60. Wato kafin zinariyar ƙwallon ƙafa ta shekarar 2000 a Sidni, duk abin da ƙasar nan ta samu a Olamfik da dunƙulen hannu ta same shi. Maƙwabtanmu 'yan Nijeriya kuwa sun riga mu, domin Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, Dick Tiger ya bi bayansa a 1962, har ya kare kambunsa a Ibadan a 1963.

Mu a arewa ta rediyo muka san duk wannan, tunda talabijin bai fara aiki a Kamaru ba sai 1985. Daren da ya fi zama mini a rai shi ne na 30 ga Oktoban 1974, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere, lokacin da Muhammad Ali ya kara da George Foreman a Kinshasa. Wajen ƙarfe huɗu na asuba aka fara, agogonsu kuma ɗaya ne da namu. Mun fi mutum ashirin a zauren wani tela, mun kewaye rediyo guda, ga sanyin tsaunin Adamawa, ni da na ji Faransanci ina fassara wa dattawa. Da na ce Ali ya jingina da igiya yana karɓar duka, sai wani tsohon mahauci ya ce a bar shi, gajiyar da shi yake yi, haka manyan 'yan dambe ke yi wa mai gaggawa. A turmi na takwas maganarsa ta tabbata. Muna cikin murna aka kira assalatu, muka wuce masallaci gaba ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, sunan Bessala yana cikin littattafai da jaridu, kuma ya cancanta, amma samarin da Baba ya ba da labarinsu babu wanda ya rubuta ko da laƙabinsu. A ganina, da an sami mai horarwa guda ɗaya da ya zauna a Garwa a wancan zamani ya ɗebi yaran mahauta, da arewa ma ta fitar da nata gwanayen.

Tsohon Direba, Marwa

Ranka ya daɗe Malam, ina da ɗan gyara a kan zancenka na ƙarshe. Ɗan damben gargajiya ba ya sauya hannu cikin sauƙi, domin tun yana yaro da hannu ɗaya ya saba bugu, yana tsaye a karkace, kuma yana da damar shuri da ƙafa. Ka ba shi safar hannu biyu ka ce ya yi ta tara maki turmi goma, ka raba shi da abin da ya iya. Lokacin da ɗan ƙasarmu Francis Ngannou ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku a Riyad, a Oktoban 2023, amma alƙalai suka ba Fury nasara, dattawan tasharmu sun kasa yarda da hukuncin, domin a ƙa'idar da suka sani wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi, zance ya ƙare.

A nan yankin Marwa kuma kokawa ta fi dambe ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman wajen ƙabilun Masa da Tupuri a ɓangaren Yagwa. Dambe sai a unguwannin Hausawa, kuma na sha ɗauko masu yin sa daga Mubi da Banki. A motata na fara jin yadda suke rabuwa gida uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, da yadda yaro ke ɗaukar sunan ubangidansa, a ce shagon wane, ko autan wane, ko bahagon wane idan da hagu yake bugu. Sunayen Shago da Ɗandunawa kuwa kaset ɗin Ɗan Anace ne ya kawo mana su, har yaran da ba su taɓa taka Sakkwato ba suna iya ba ka labarinsu.

Ni a sanina hanya ce ta kashe wasan, ba talabijin kaɗai ba. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, baƙin kaka suka daina zuwa, kuma da aka buɗe ba su dawo kamar da ba. Aka karya darajar sefa a 1994, Sarkin Fawa da ke ciyar da mutum ashirin mako guda ya kasa. Samari suka koma ƙwallo, musamman bayan abin da Roger Milla ya yi a gasar cin kofin duniya ta 1990. Rashin tsaron da ya rufe hanyar Banki daga 2014 shi ya ƙarasa ragowar.

Inna Mai Ƙosai, Kusiri

Ku maza kuna tuna guɗa, mu mata muna tuna ruwan zafi. Yayana ya yi dambe tun muna Njamena, lokacin ana kiran garin Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973. Duk daren da aka yi wasa, mahaifiyarmu ba ta kwanciya sai ya shigo. Takan ɗora tukunya, ta tanadi man shanu da tsumma, ta zauna a bakin murhu tana jin kalangu daga nesa, kuma daga yadda kiɗan ya sauya takan gane an yi kisa, sai dai ba ta san ɗan wa aka kashe ba. Idan aka kwance masa zaren, hannun yakan fito fari fat da sawun igiya a jiki, ya daɗe bai iya buɗe yatsunsa ba. Kunnensa na hagu ya daina ji tun yana saurayi.

Da yaƙi ya tashi muka tsallako kogi zuwa Kusiri a 1980, kayan da ya ɗauko ba su wuce ƙunshi ɗaya ba, kuma zarensa yana ciki. Ɗana, ka koma wurin goggonka ka zauna da ita a tsanake, domin ita ta san wanda ya riƙa gasa wa kakanka hannu.

Jikan Mahauci, Garwa

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya saka da alheri. Inna, na bi shawararki, jiya da daddare na zauna da Goggo. Ta ce ita ce mai riƙe fitila idan kakarmu tana gasa masa hannu, kuma yatsun nan biyu a fage suka karye, a shekarar da aka yaye ƙaninta. Ta tuna farkon takensa, ta kaɗa mini shi da yatsa a bayan ƙwarya, amma laƙabin da ake kiransa da shi ya ɓace mata.

Baba Dattijon Fawa, idan kun ba ni izini, zan zo gaishe ku ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in kawo jakar ku duba naɗin da kanku, in kuma kaɗa muku abin da Goggo ta koya mini, ko za ku gane mai taken.