Kayan mota sun iso a fashe: mai shago zai biya ko direba?

Ɗan Gidan Igwai:
Assalamu alaikum. Idan mutum ya sayi lagireto da gilashin gaba daga kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas, aka ɗoro su a mota zuwa Sakkwato, suka iso lagireto na yoyo, gilashi ya tsage, wa ke da alhakin biya? Mai shago zai ce lafiya ya sallame su, direba zai ce haka aka ba shi a ɗaure.

Mai Gilas:
Wa alaikumus salam. Malam, a tasha ake cin wannan shari'a ko a faɗi. Kada ka sa hannu a takardar karɓar kaya sai ka kwance su gaban direba da ɗan kamasho, waya na ɗaukar bidiyo tun daga yanka igiya. Da ka fita da su zuwa gareji, za a ce a hannunka suka fashe.

Ɗaurin ne zai nuna mai laifi. Gilashin gaba a tsaye yake tafiya, cikin akwatin katako, da soso a gefe da gefe. In an kwantar da shi, nauyinsa kaɗai ya isa ya tsaga shi a ramukan hanyar Mokwa zuwa Kontagora. In a kwali kawai mai shago ya naɗe shi, sakacinsa ne. In kuwa akwatin na kirki ne amma ka ga katako ya karye ko shaidar an danne shi da buhuna, 'yan lodi ne, wato direba ko kamfaninsa.

Tsohon Makanike:
Bari in ƙara, yaro, don ba kowace ɓarna ce ta hanya ba. Kayan Beljiyam, wato na hannu, da yawa da ciwonsu suke barin shago. Dubi bakin tsagar. Sabuwar karaya a alminiyom fara ce tas, tana ƙyalli. Tsohuwa ta yi baƙi, mai da ƙura sun shige ta, wani lokaci har da gam da aka shafe da fenti.

Lagireto kuma, toshe bakin tiyo na sama da na ƙasa, hura iska kaɗan, ka tsoma shi a baho. Kumfa daga inda ya loɓa, duka ne na hanya. Kumfa daga haɗin tankin roba da ƙarfe alhali ba loɓawa ko ɗaya, da ma can ya gaji. Tsatsa ko farin gishiri-gishiri a wurin ma shaida ce.

In inji ne, a kan tsohuwar taya ake zaunar da shi, bayan an juye mai. In ba taya, kaskon mai na ƙasa ne ke fara loɓawa. Sa sifana a fulin injin ka juya shi sau biyu, don ganin ko yana juyawa, kafin a taɓa komai. Kuma don Allah kada a kai wa mai walda, kada a ɗaura a mota. Da an taɓa, ba mai karɓa.

Hajiya Mai Shago:
Abin da ke kashe mutane shi ne takardar aike. Kaya na dubu 300, a rubuta dubu 50 don kuɗin mota ya yi sauƙi. To ranar biya, abin da aka rubuta shi za a duba. A rubuta sunan kowane kaya da kuɗinsa na gaskiya. Kafin a ɗora kuma mai shago ya turo bidiyo ta WhatsApp, ya sa alamar fenti a jiki don kada a musanya.

Tura wa mai shago hotunan ɓarnar a ranar, ba bayan mako ba. In ya ƙi, je wurin shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwarsu; na direba kuma ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW na tashar da ya yi lodi ko ya sauke. Galibi sulhu ake yi: a canza kaya mai saye ya ɗauki kuɗin mayarwa, ko a raba asara. 'Yan sanda ba hurumin su ba ne sai in da damfara. In kuɗin da yawa, akwai hukumar kare masu saye ta FCCPC, akwai kotu, amma duka biyu sai da shaida, kamar rasit ko shaidar tura kuɗi ta banki.

Ɗan Gidan Igwai:
Na gode, Baba, na gode Hajiya. In an riga an sa hannu fa?

Mai Gilas:
Direba ya kuɓuta ke nan, sai dai in ya ji tsoron Allah. Saura gwajin bahon Baba: in ya nuna tsohon ciwo ne, har yanzu kana da magana da mai shago.