Taswirar Tour de France ta 2026, ba a cuci su Girmay ba kuwa?

Ɗan Kawo:
Salam 'yan uwa masu bin tseren keke, kun ga hanyar da aka fitar ta Tour de France, babban tseren keken Faransa, ta 2026? Daga Basalona za a tashi, zangon farko ma ƙungiya-ƙungiya za su yi tsere da agogo, sannan a hau dutsen Alpe d'Huez sau biyu a jere, zango na 19 da na 20. Ni dai abin ya dame ni wlh, duk shekara duwatsu ake ƙarawa kamar don Pogacar, gwanin hawan dutse, kaɗai ake zana hanyar, to masu fizgar ƙarshe, wato masu sheƙa gudu dab da layin ƙarshe a shimfiɗa, irin Biniam Girmay fa, ina rabonsu? Yaron nan ya ci zango 3 a 2024 ya tafi ƙasarsu Eritiriya da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki, ranar da ya ci na Turin har ihu na yi a gidan kallo mutane suna kallona don su ƙwallo suke jira a mayar musu.

Mai Gyaran Keke, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni kam ban ga cuta ba. Zangon shimfiɗa kilomita 180, kamar ka tashi daga nan Kaduna zuwa Abuja, awa huɗu ana tafiya a dunƙule ba abin da ke faruwa sai minti biyar na ƙarshe, wa zai ƙona datarsa a kan wannan? Amma Alpe d'Huez lanƙwasa 21 gare shi, wajen kilomita 14 ana hawa ba sassauci, nan ake gane mai ƙafa. Na taɓa gwada hawa ta wajen Kagoro da kekena mai giya, tun ban yi nisa ba cinyata ta ɗauki wuta, numfashi sama-sama, sai turawa na koma yi, tun ranar nake ganin girman mutanen nan.

Na Barnawa:
Yaya gaskiyarka a kan dutse, amma abin da aka yi a Faris a 2025 shi ne ya ƙona min rai. Ranar ƙarshe a babban titin Champs-Élysées an san ta masu fizga ce tun da daɗewa, mutum ya jure duwatsun Alps da Pyrenees sati uku yana jan jiki a baya don kawai ya kai wannan ranar, sai aka sako musu tudun Montmartre sau uku, ga ruwan sama ga daɓen dutse mai santsi, ɗan tseren Beljiyam Van Aert ya balle shi kaɗai ya ci. Kallo ya yi daɗi ban musa ba, amma haƙƙin wasu aka taɓa.

Ɗan Kawo:
Yauwa abin da nake faɗa kenan. Zango 21 ne fa, ko shida aka bar musu a shimfiɗe dutse bai rasa komai ba. Yaya in Yuli ta zo zan biyo shagonka mu kalli na 20 tare, ka tanadi caji.